Yadda Ake Bibiyar Halin Rana da Guguwar Maganaɗisu Daga Ƙasar Hausa

Mai sauraron gajeren zango ya san wannan abin. Da hantsi tasha tana fita garau, can sai ta dusashe kamar an lulluɓe ta da bargo, ka juya allura gaba da baya ba ka jin komai sai shuuu, bayan kamar rabin awa kuma ta dawo da kanta ba tare da ka taɓa batir ko eriya ba. Safiyo mai aiki da GPS shi ma yana da irin tasa, sai dai tasa bayan magariba take zuwa. Sau da yawa rana ce sanadi, kuma ana iya bibiyarta da wayar hannu, da littafin rubutu, da ɗan haƙuri.

Kafin komai a daidaita agogo. Duk shafukan da ke ba da wannan bayani da agogon GMT suke aiki, wanda suke rubutawa UTC. A Najeriya da Nijar da Kamaru da Chadi ana ƙara awa ɗaya, a Sudan awa biyu, a Ghana ba a ƙara komai. Wanda ya manta wannan zai ɗora wa rana laifin da ba nata ba, domin zai ga kamar walƙiyar ta zo daidai lokacin da rediyonsa ta mutu alhali akwai awa guda a tsakani.

Saƙo uku, kowane da lokacin isowarsa

Idan wani yanki na rana ya fashe, abu uku yake iya aikowa. Na farko walƙiya ce, hasken X mai ƙarfi da ke isowa cikin minti takwas da daƙiƙa ashirin. Ba a yin gargaɗinta, domin ganinta da isowarta lokaci ɗaya ne. Na biyu ƙwayoyin furoton masu gudu, waɗanda ke isowa cikin mintoci goma-goma zuwa 'yan awanni. Su sun fi damun taurarin ɗan Adam da jiragen da ke ratsa ƙuryar arewa, mu nan ƙasa ba su cika shafarmu ba, don haka ba za mu daɗe a kansu ba. Na uku shi ne aman rana, wanda shafukan ke rubutawa CME: gajimaren iskar gas mai caji, ɗauke da maganaɗisunsa, yana tafiyar kwana ɗaya zuwa huɗu kafin ya iso. Shi ne ke kawo manyan guguwowin maganaɗisu, wato hargitsewar maganaɗisun duniya.

Kuskuren da aka fi yi shi ne cakuɗa na farko da na uku. A ranar 14 ga Mayu 2024 an yi walƙiya mai girman X8.7 (X shi ne mataki mafi girma a ma'aunin walƙiya), wadda ta fi duk waɗanda suka jawo babbar guguwar 10 zuwa 11 ga watan girma, amma ba ta kawo wata guguwar kirki ba, saboda yankin da ya yi ta ya riga ya kai bakin yammacin rana, amansa ya wuce ta gefe. Girman walƙiya kawai ba ya gaya maka ko guguwa za ta zo. Sai ka bi abin daki-daki: me aka gani a jikin rana, me aka auna a kan hanya, me ya faru a ƙasa.

Duban safe

Cibiyar hasashen yanayin samaniya ta hukumar NOAA da ke Boulder a Amurka, wato SWPC, ita ce mafarin yawancin alƙaluman da sauran shafuka ke kwafa. Tana fitar da hasashen kwana uku da kuma bayanin masu hasashe sau biyu a rana, da 00:30 da 12:30 agogon GMT. Rubutu ne zalla, ba ya cin data, ko da sabis mai rauni yana buɗewa. A Afirka akwai cibiyar hukumar SANSA da ke Hermanus a Afirka ta Kudu, wadda ke aiki dare da rana tun 2022. Manhajar SpaceWeatherLive kuma tana tattaro waɗannan alƙaluma wuri ɗaya, tana aiko da sanarwa a waya.

Fara da jerin yankunan tabo. Tabon rana wuri ne da maganaɗisu ya taru ya hana zafi fitowa, shi ya sa yake bayyana baƙi. Kowane rukuni ana ba shi lamba. Lambobin sun haura 10,000 tun 2002, amma sau da yawa ana yanke lambar farko, shi ya sa yanki ɗaya za ka gan shi 13664 a wani shafi, 3664 a wani. Abu uku za ka duba a kowane yanki. Girmansa, wanda ake aunawa da kashi cikin miliyan na rabin rana. Wanda ya kai 500 babba ne, 3664 kuwa, yankin da ya jawo guguwar Mayu 2024, ya kai kusan 2,400, alhali duk faɗin duniyarmu bai wuce 170 ba a wannan ma'auni. Sai tsarin maganaɗisunsa: alfa da beta yawanci lafiya lau suke zaune, amma idan ka ga beta-gamma-delta, to ɓangarori masu kishiyantar juna sun matsu wuri guda, kuma daga irinsu manyan walƙiya ke fitowa. Na uku wurin da yake. Za ka ga rubutu kamar S18W10, ma'ana digiri 18 kudu, digiri 10 yamma da tsakiya. Yanki yana ɗaukar kusan kwana 13 zuwa 14 ya ratsa fuskar rana daga gabas zuwa yamma, kuma kwanakin da yake tsakanin digiri 30 gabas da 30 yamma su ne yake kallonmu ido da ido.

Sai lambar F10.7, wato ƙarfin hayaniyar rediyo da ke fitowa daga rana, wadda ake aunawa kullum a Penticton da ke Kanada. Jerin awon ya faro tun 1947. Idan rana ta yi sanyi lambar takan sauka kusan 65 zuwa 70, idan ta tashi takan haura 200. Ga mai gajeren zango ita ce lamba mafi amfani ta yau da kullum: in tana sama da 150, mita 16 da mita 13 sukan buɗe sosai da rana, in ta yi ƙasa da 80, sai a koma mita 19 da 25 da 31. Tana hawa da sauka ne da zagayen rana mai kusan shekara 11. Zagayen da ake ciki, na 25, ya fara a Disamba 2019, kuma a Oktoba 2024 NASA da NOAA suka sanar cewa ya shiga lokacin ƙololuwarsa.

Na ƙarshe a duban safe shi ne zanen hasken X na taurarin GOES. Matakansa A, B, C, M, X ne, kowane ya ninka na bayansa sau goma, wato X1 daidai yake da M1 goma, ko C1 ɗari. M1 ita ce matakin R1 na katsewar rediyo, M5 R2, X1 R3, X10 R4, X20 R5. Kada ka tsaya ga tsayin layin kawai, dubi faɗinsa. Walƙiyar da ta tashi ta sauka cikin minti goma sau da yawa ba ta tafe da aman rana. Wadda ta tashi ta yi awa biyu ko uku tana saukowa a hankali, ko da M2 ce kawai, ita ce abar zargi. Akwai kuma wani abu da ke rikita sababbi: a watannin Maris da Satumba tauraron yakan shiga inuwar duniya na kusan awa guda, sai layin ya faɗi ƙasa warwas ko ya yanke. Rana ba ta yi komai ba, tauraron ne ya daina ganinta.

Idan walƙiya ta zo rana tana samanmu, ɓangaren ƙasa na iskar sama mai caji, wato ayonosfiya, yakan yi kauri ya shanye gajeren zango. Tashoshin da ke ƙananan megahaz ne ke fara mutuwa: mita 49 da 41 kafin mita 19 da 16. Don haka maganin shi ne ka hau sama, ka nemi tashar a megahaz 15 ko 17 maimakon 7 ko 9. In duka sun mutu, jira. Yawanci cikin minti goma zuwa awa ɗaya ko biyu suke dawowa. Walƙiyar da ta faru da dare a wurinmu ba ruwanta da rediyonka, sai dai idan tashar tana can ɓangaren da rana ke haskawa.

An yi aman? Ina ya dosa?

Bayan walƙiya mai tsawo, jira awa biyu zuwa shida, sannan ka buɗe hotunan LASCO na tauraron SOHO, wanda aka harba a Disamba 1995. Na'urar tana rufe fuskar rana da wani faifai don a ga rawaninta, kamar yadda ake gani lokacin husufi. Hoton C2, mai ja, na kusa ne. C3, mai shuɗi, na nesa. Aman da ya fita ta gefe ɗaya kamar kumfa yawanci ba namu ba ne. Wanda ya bazu ya kewaye faifan duka kamar yadda wata ke yin sansani, shi ne ko dai yana tahowa kanmu, ko kuma yana tafiya can baya yana nisantarmu. Hoton shi kaɗai ba ya rarrabe biyun. Sai ka koma hotunan tauraron SDO ka ga ko an yi fashewa a fuskar da ke kallonmu a daidai lokacin. In babu komai, aman na bayan rana ne, ka kwanta ka yi barcinka. In kuma hoton ya cika da fararen ɗige-ɗige kamar tsohuwar talabijin, furoton ne ke dukan kyamarar.

Lissafin lokacin isowa ba wuya. Tsakaninmu da rana kusan kilomita miliyan 150 ne. Aman mai gudun kilomita 500 a daƙiƙa zai yi kusan kwana uku da rabi. Mai 1,000 lissafi zai ba ka awa 42, amma a zahiri yakan rage gudu a hanya saboda yana ture iskar da ke gabansa, don haka ka sa ran kwana biyu zuwa biyu da rabi. Na 1859, wanda ake kira abin da ya faru na Carrington, ya iso cikin ƙasa da awa 18, irinsa ba kasafai ba. Samfurin WSA-Enlil na SWPC yana nuna zanen tafiyar gajimaren, sai dai kuskuren awa goma zuwa sha biyu gaba ko baya abu ne da aka saba. Idan an ce zai iso da azahar bai zo ba har isha'i, ba a yi ƙarya ba tukuna.

Ba aman kaɗai ke tayar da maganaɗisu ba. A hoton SDO mai lamba 193 za ka riƙa ganin manyan wurare baƙaƙe a rawanin rana. Ramuka ne da iska mai gudu ke fita ta cikinsu, kilomita 500 zuwa 800 a daƙiƙa. Kwana biyu zuwa huɗu bayan ramin ya ratsa tsakiyar rana iskarsa take riskarmu. Guguwarsa ba ta cika girma ba amma tana daɗewa, kuma tana dawowa bayan kwana 27, tsawon juyin rana ɗaya kamar yadda muke gani daga nan. A shekarun da zagaye ke gangarowa daga ƙololuwa, waɗannan ramuka su ne ke riƙe da yawancin aikin.

Inda ake yanke hukunci

Duk abin da ya gabata hasashe ne. Tabbas yana zuwa ne daga taurarin da aka ajiye a wurin da ake kira L1, kilomita miliyan 1.5 daga duniya ta wajen rana, irin su ACE na 1997 da DSCOVR na 2015. Iskar rana takan wuce su kafin ta iso mu. In tana gudun 400, kana da kusan awa ɗaya. In 800 ne, rabin awa.

A zanen iskar rana layi huɗu za ka duba. Gudu, wanda a ranar lafiya yake tsakanin 300 da 450. Yawan ƙwayoyi, kusan 5 a cikin gurbi mai santimita ɗaya ta kowane gefe. Bt, jimlar ƙarfin maganaɗisun iskar, kusan nanotesla 5. Sai Bz, wanda ke nuna ko maganaɗisun yana fuskantar arewa ko kudu. Isowar aman ba ta ɓuya: layukan gudu da yawa da Bt sukan yi tsalle lokaci ɗaya kamar matakala. Iskar rami kuwa daban take shigowa, yawan ƙwayoyi ne ke fara tashi, sannan gudu ya hau a hankali cikin awanni yayin da yawan ke raguwa.

Bz shi ne mai gida. Maganaɗisun duniya a gefen da ke fuskantar rana arewa yake kallo. Idan na iskar ma arewa yake, wato Bz yana sama da sifili, biyun ba sa haɗuwa, iskar ta zame ta wuce, ko da gudunta ya kai 700. Idan ya juya kudu, lambar ta zama mai alamar ragi, sai su sarƙe, ƙofa ta buɗe, ƙarfi ya kwararo ciki. Kuma daɗewa ta fi zurfi muhimmanci. Bz da ya taɓa −15 na minti biyar ya koma ba abin damuwa ba ne. Wanda ya zauna ƙasa da −10 sama da awa uku, wannan babbar guguwa ce. A guguwar Mayu 2024 Bt ya haura 70, Bz ya kai kusan −50, ninki goma na ranar lafiya. Bt yana gaya maka iyakar zurfin da Bz zai iya kaiwa, don haka idan ka ga Bt 30 amma Bz yana arewa, kada ka rufe shafin, yana iya juyawa a tsakiyar gajimaren. Har yanzu ba a iya faɗin inda Bz zai fuskanta tun aman yana jikin rana, shi ya sa hasashen guguwa ke yawan kuskure, ba don masu yinsa ba su iya ba.

Hattara da awon ƙarya. Lokacin da furoton suka yi yawa, na'urar auna gudu ta ACE takan rikice ta nuna gudu ya faɗi ƙasa ƙwarai daidai lokacin da ya fi tashi. In ka ga gudu ya sauka kwatsam alhali Bt yana sama, na'urar ka zarga.

Kp, Dst, da abin da ba su faɗa game da mu

Kp ita ce lambar da aka fi sani wajen nuna yawan hargitsewar maganaɗisun duniya, daga 0 zuwa 9, ana fitar da ita duk bayan awa uku. Julius Bartels ne ya tsara ta a 1949, cibiyar GFZ da ke Potsdam a Jamus ke fitar da ta hukuma daga tashoshi 13. Kp 5 ita ce guguwa G1, 6 G2, 7 G3, 8 G4, 9 G5. Matakan ba daidai suke ba. A ma'aunin ap, wanda ke nuna ainihin girman hargitsewar, Kp 3 daidai take da 15, Kp 5 da 48, Kp 7 da 132, Kp 9 da 400, don haka tazarar 7 zuwa 9 ta fi ta 3 zuwa 5 nesa ba kusa ba. Ka kuma tuna Kp labarin abin da ya riga ya wuce take bayarwa. A sanarwar SWPC, kalmar Watch tana nufin ana sa ran guguwa nan da kwana ɗaya zuwa uku, Warning tana gab ko ta fara, Alert kuma an riga an auna ta.

Tashoshin Kp duka suna can nesa da layin tsakiyar duniya, babu ko ɗaya a Afirka. Lambar da ta fi kusa da halinmu ita ce Dst, mai nuna yawan raguwar ƙarfin maganaɗisun duniya da nanotesla, wadda ake fitarwa a Kyoto daga tashoshi huɗu: Hermanus, Kakioka, Honolulu da San Juan. Ƙasa da −50 guguwa matsakaiciya ce, ƙasa da −100 babba. Ta Maris 1989, wadda ta jefa Quebec cikin duhu na awa tara, ta kai −589. Ta Mayu 2024 ta wuce −400 da kaɗan.

Ga inda ƙasarmu ta bambanta. Layin tsakiya na maganaɗisu, inda allurar kamfas ke kwanciya miƙe ba ta sunkuya ba, bai bi layin tsakiya na taswira ba. A yammacin Afirka yana ratsawa ne wajen digiri 10 zuwa 11 arewa, wato yankin Kaduna da Zariya. Kano, Katsina, Sakkwato, Maraɗi da Damagaram duk suna 'yan digiri kaɗan daga gare shi. Shi ya sa aka daɗe ana nazarin wannan fanni a Najeriya, tun aikin Jami'ar Ibadan a shekarun 1950 da 1960, zuwa na'urorin Jami'ar Ilorin da Cibiyar Binciken Sararin Iska ta hukumar NASRDA da ke Anyigba. A saman wannan layi, kimanin kilomita 105, akwai wata igiyar lantarki da ke gudana gabas kullum da rana, tana ƙarfi wajen tsakar rana. Na'urar auna maganaɗisu da aka kafa a nan za ta nuna hawa da sauka mai girma kowace rana ko babu guguwa.

Abu na biyu ya fi shafar aiki. Bayan faɗuwar rana, ayonosfiya ta yankinmu takan ɗaga sama, ƙasanta ya yi rauni, sai wasu kumfa marasa caji su taso su ratsa ta. Siginar tauraron da ta bi ta cikinsu takan yi rawa kamar yadda abu ke rawa a bayan hayaƙin murhu. Yakan fara wajen ƙarfe 7 zuwa 8 na dare, ya lafa bayan tsakar dare, ya fi tsanani a Maris da Afrilu da kuma Satumba da Oktoba, musamman a shekarun da F10.7 ke sama. Kuma yana faruwa ko Kp tana 1. Guguwa tana iya ƙara shi, tana kuma iya danne shi ya zamana daren ya fi kowane dare lafiya, ya danganta da lokacin da ta faɗo a agogonmu. Safiyon da ya duba Kp ya ga kore, alamar babu guguwa, ya fita aikin dare a watan Oktoba bai duba abin da ya shafe shi ba.

Abin yi ga safiyo mai RTK, wato awon GPS da na'ura biyu, ɗaya a kafe (bes) ɗaya ana yawo da ita (roba), shi ne ya ɗauki awo masu muhimmanci da sassafe, daga fitowar rana zuwa wajen ƙarfe 10, ya guji bayan azahar lokacin da cajin sama ya fi yawa, ya kuma guji bayan magariba. TEC ita ce yawan cajin da sigina ke ratsawa a sama: kowace ɗaya a ma'auninta tana jinkirta siginar GPS mai suna L1 da kusan santimita 16, kuma a shekarun ƙololuwa TEC ta yankinmu tana iya haura 50 da rana, wato mita takwas kafin gyara. Na'ura mai karɓar sigina iri biyu tana cire mafi yawan wannan, amma ba ta maganin rawar dare. A rage tazara tsakanin bes da roba zuwa ƙasa da kilomita 10, a ɗaga kusurwar yanke taurari daga digiri 10 zuwa 15 ko 20, a kunna Galileo da BeiDou da GLONASS tare da GPS. Idan na'ura tana ta sauka daga Fix (tabbataccen awo) zuwa Float (awon da bai tabbata ba), a dakata. Mafi haɗari ma ita ce Fix ta ƙarya, don haka a koma kan bikon da aka san lambobinsa a farko da ƙarshen aiki.

Awon da za ka yi da hannunka

Ana iya ƙirga tabo a gida, amma ba a kallon rana kai tsaye, ba da ido ba, ba da madubin hangen nesa ba. Hazon hunturu da ke sa rana ta yi kamar faifai ja ba kariya ba ne, haka baƙin tabarau da fim ɗin hoton asibiti da gilashi mai hayaƙi. Gilashin walda sai mai lamba 14, kuma wanda ke hannun mai walda na unguwa yawanci bai kai nan ba. Hanya mai aminci ita ce a jefa hoton a takarda. Ɗaure madubin hangen nesa mai ido biyu, irin 10x50, a kan abu mai ƙarfi, toshe ido ɗaya, huda kwali ka zura a jikinsa don ya yi inuwa, sa farar takarda kusan mita ɗaya a bayansa. Nemi rana ta hanyar kallon inuwar madubin har ta ƙanƙance. Hoton zai kai kusan santimita 9. Murɗa har bakinsa ya fito tas. Kada ya wuce minti ɗaya a jere, domin zafi yana narka roba da gam na ciki, kuma kada a bar shi inda yaro zai leƙa. Don rarrabe tabo da ƙura, girgiza takardar: dattin takarda zai motsa, tabo zai tsaya. Gefen da hoton ke zamewa zuwa gare shi shi ne yamma.

Lissafin Rudolf Wolf na Zurich har yau shi ake bi: ninka yawan rukuni da 10, ka ƙara yawan tabo ɗai-ɗai. Rukuni 4 masu tabo 23 sun ba da 63. Tabo ɗaya tilo 11 ne. Lambarka za ta gaza ta cibiyar SILSO da ke Brussels, domin ƙananan tabo ba za su fito ba. Bayan wata guda ka raba tasu da taka, ka sami adadin da za ka riƙa ninkawa da shi.

Mai son kama walƙiya da kansa zai iya haɗa eriyar zobe. Katako biyu a giciye, kowane gefen murabba'in mita ɗaya, a naɗe zagaye 50 na wayar kwail irin ta masu naɗin fanka, kusan mita 200 ke nan. A haɗa da ƙaramar amfilifaya zuwa katin sauti mai ɗaukar kilohaz 96, a buɗe manhaja irin Spectrum Lab. Tashar DHO38 ta Jamus a kilohaz 23.4 kusan arewa sak take da Kano, don haka gefen zoben ya kalli arewa da kudu. Da dare layin yakan yi sama yana tsalle-tsalle, ya nutse da fitowar rana, ya kwanta sumul da hantsi. Walƙiya takan fito a wannan layi mai laushi ta tashi da sauri ta sauko a hankali. Babban maƙiyin wannan aiki inbata ce da na'urar cajin sola da cajar kwamfuta. A nisanta zoben daga gare su, a gudanar da kwamfutar da batirinta, a kuma rubuta lokacin da aka tayar da janareta, in ba haka ba za ka yi ta gano walƙiya kullum ƙarfe biyu na rana. Manhajar kamfas ta waya kuwa ba za ta nuna maka guguwa ba. Ƙarfin maganaɗisu a yankinmu ya haura nanotesla 30,000, guguwa matsakaiciya tana sauya hamsin zuwa ɗari ne kawai, kuma makullin da ke aljihunka ya fi haka tasiri.

Littafin rubutun a ja masa layi 27 a kowane shafi, rana ɗaya layi ɗaya: F10.7, babbar walƙiya da lokacinta, gudun iska, mafi zurfin Bz, mafi girman Kp, sai yadda tasha guda ta fita a mita guda da lokaci guda, daga 1 zuwa 5. In ka jera shafi uku gefe da gefe, ramukan da ke dawowa za su fito a layi ɗaya. Ka yi alama a Lahadin ƙarshe ta Maris da ta Oktoba, ranakun da gidajen rediyon duniya ke sauya mitocinsu, kada ɓacewar tasha ta ruɗe ka.

Akwai abubuwan da bai kamata su shiga littafin da sunan guguwa ba. Zafin Afrilu ba walƙiya ke kawo shi ba; hasken rana gaba ɗaya kusan kashi 0.1 cikin ɗari kawai yake sauyawa a tsawon zagaye. Guguwar maganaɗisu ba ta ƙona farantin sola na kan rufi, dogayen layukan wuta masu ɗaruruwan kilomita da manyan taransifoma take shafa, kamar yadda aka gani a Afirka ta Kudu bayan guguwar Oktoba 2003. Saƙon WhatsApp mai cewa a kashe waya da tsakar dare saboda wani haske daga sama ba shi da tushe. Shi kuwa dish ɗin talabijin da ke ɗaukewa na 'yan mintoci a lokaci guda kullum, kwanaki kaɗan a jere wajen tsakiyar Maris da ƙarshen Satumba, rana ce ke wucewa daidai bayan tauraron, hayaniyarta ta danne siginar. Ko rana ba ta da tabo ko ɗaya hakan zai faru, kuma kada a kira mai gyara ya taɓa saitin, minti biyar zuwa goma hoton zai dawo.